Hawan icce da igiya: kayan aiki da dabarun masu gyaran itatuwa

Kowace shekara, kafin faɗuwar damina, ana ganin samari bisa itatuwan bedi na bakin titunan Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, suna saran rassan da suka kusanci wayoyin lantarki ko suka rankwafo kan rufin gidaje. Akasarinsu adda ce kaɗai a hannunsu, kuma babu abin da ya ɗaure su da iccen. A karkara ma haka makiyaya ke hawan gawo da rani don samo wa dabbobi ganye. A Turai da Amurka wannan aiki sana'a ce mai makarantu da dokoki. A Faransa, wata doka ta ranar 4 ga Agusta 2005 ce ta tsara aiki da igiya bisa itatuwa. Ƙa'idar farko ta sana'ar ita ce mutum ya kasance ɗaure tun daga lokacin da ƙafarsa ta bar ƙasa har ta dawo.

Igiya da ɗamara

Igiyar hawa kaurinta milimita 11 zuwa 13 ne, galibi ta zaren poliyesta, da saƙa a waje da cibiya a ciki. Ma'aunin Turai mai lamba EN 1891 ya ce igiya mai daraja ta A dole ta jure kilonyutan 22, wato wajen tan biyu da kilo 200, kafin ta tsinke. Idan an yi mata ƙulli a baki, abin da ake nema ya sauka zuwa kilonyutan 15, domin kowane ƙulli yana rage wa igiya ƙarfi. Ba ta da miƙewa sosai, saɓanin igiyar masu hawan duwatsu wadda aka yi don ta tare faɗuwa. Mai gyaran icce rataye yake a jikin igiyarsa duk tsawon aiki.

Igiyar leda ta kasuwa, wadda ake ɗaurin kaya da jan guga da ita, ba ta shiga wannan aiki. Rana tana cinye ta ba tare da ido ya gani ba, kuma tana narkewa a zafin da bai kai digiri 170 ba, alhali poliyesta na kaiwa wajen 250. Gugar ƙulli lokacin saukowa da sauri na iya haifar da zafin da zai lalata ta.

Mai hawa yana sa ɗamara mai zagaye ƙugu da cinyoyi, mai zobba a gaba da gefe. Ƙugiyoyin ƙarfe masu ƙofa ne ke haɗa ta da igiya, kuma waɗanda aka yarda da su su ne masu kulle kansu, waɗanda sai an yi motsi uku kafin su buɗe, don kada reshe ya goge su su buɗe. Akwai kuma gajeriyar igiya ta mita uku zuwa biyar da ake zagaya wa gangar icce. Wasu irinta suna da waya ta ƙarfe a ciki don zarto ya sha wuyar yanke su, sai dai ba a kusantar wayar lantarki da su ko kaɗan. Sauran kayan su ne hular kwano mai maɗaurin haɓa, tabarau, abin toshe kunne, da wando mai zaruruwan da ke cushe sarƙar injin zarto su tsayar da ita. Wandon yana da nauyi, kuma a zafin watan Afrilu azaba ne, amma ƙafa da hannun hagu ne injin ya fi sara.

Yadda ake kai igiya sama

Ba a fara hawa kafin igiya ta hau. Ana ɗaura ƴar jaka mai nauyin giram 250 zuwa 400 a bakin siririn zare, a jefa ta ta marabar manyan rassa, sannan a jawo igiyar hawa da zaren. Kafin mutum ya bar ƙasa, sai a gwada wurin da nauyin mutum biyu.

Daga nan hanyoyi biyu ne. A tsohuwar hanya igiya tana ratsa reshe ta dawo, bakunanta biyu suna wurin mai hawa. Yana jan mita biyu ya hau mita ɗaya, ga sauƙi amma ba sauri. Da yake igiyar tana ta guga a reshe, ana sa wata maɗaura mai zobba biyu tsakaninsu don kada ɓawo ya saluɓe. A sabuwar hanya igiyar tsaye take, mai hawa ne ke bin ta da maƙalen ƙafa da na gwiwa. Tana da sauri a dogon icce, amma tana da tarko: idan an ɗaure bakin igiyar a gindin icce, nauyin da ke kan reshen sama yana iya kusan ninka nauyin mutumin, saboda ana jan sa ta ɓangare biyu.

Abin da ke riƙe mutum a jikin igiya ƙulli ne mai zamewa idan an tura shi da hannu, mai cizawa idan nauyi ya hau kansa. Mafi shahara shi ne na Karl Prusik, wani mai hawan duwatsu ɗan Ostiriya da ya bayyana shi a 1931. Ƙullin Blake ya bazu tsakanin masu gyaran icce na Amurka a shekarun 1990. Yau akwai na'urorin ƙarfe masu yin aikin, irin Zigzag na kamfanin Petzl, amma makarantu har yanzu da ƙulli suke fara koyarwa. Takalman ƙarfe masu tsini kuwa na iccen da za a kayar ne kawai, don kowane suka rauni ne ga mai rai.

Saukar da rassa

Nan ne hatsari ya fi yawa, kuma nan ne ido ya fi yaudarar mutum. Ɗanyen gungume mai kaurin santimita 30 da tsawon mita ɗaya yana iya kai kilo 70. Idan ya faɗi ko da mita ɗaya kafin igiya ta tare shi, fizgar da yake yi ta ninka nauyinsa sau da yawa. Pulin da aka rataya sama, irin na manyan rijiyoyi amma mai ƙarfi, shi kuma yana ɗaukar kusan ninki biyu na abin da ke kan igiyar. Shi ya sa masu koyarwa da yawa ke cewa kada a ɗora wa igiyar kaya fiye da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta.

Igiyar kaya daban, igiyar rai daban. Ana bambanta launinsu, kuma wadda ta taɓa ɗaukar gungume ba ta sake ɗaukar mutum. Haka ma ƙugiyoyi.

Rabin aikin yana hannun mutumin ƙasa. Yana naɗa igiyar kaya sau biyu ko uku a wani bututun ƙarfe da aka ɗaure a gindin icce. Idan reshe ya yanke, ba ya riƙe ta gam. Yana barin ta ta ɗan gudu, ya tsayar da ita sannu a hankali, ta yadda fizgar ba za ta girgiza iccen ta wurgar da na sama ba. Ba ya naɗa igiya a hannu, ba ya tsayawa ƙarƙashin kaya. Na sama kuma ba ya tayar da injin zarto sai yana ɗaure a wuri biyu, hannuwansa biyu a kan injin, kuma ya ji amsar na ƙasa.

Yankan kansa uku ne: tsaga kaɗan daga ƙasan reshe, yanka daga sama nesa da ita kaɗan har reshen ya rabu, sannan a cire guntun da ya rage. Ba a shafe shi daidai da ganga. Binciken Alex Shigo, masanin gandun daji na Amurka, ya nuna cewa kumburin da ke gindin reshe ne ke rufe rauni, don haka a bar shi.

Iccen da kansa

Igiya mai jure tan biyu ba ta da amfani idan reshen da ta rataya ruɓaɓɓe ne. Ana duba kogo, tsagewa, gara, naman gwari a gindi, da gidan zuma ko rina kafin a jefa zare. Kuka tana da laushin jiki, reshenta kan yi kauri ba tare da ƙarfin da kaurin ke nunawa ba. Gawo yana da ƙayar da ke tsinka saƙar igiya, kuma yana cikin itatuwan da dokar Nijar ta kare, don haka sai da izinin ma'aikatan gandun daji ake taɓa shi.

Ƙura da yashi suna shiga cikin igiya su ci ta daga ciki. Ana wanke ta da ruwa, a shanya ta a inuwa, a bi ta da hannu taƙi-taƙi kafin kowane hawa. Kamfanoni da yawa suna iyakance rayuwar igiya da ɗamara ga shekara goma, ko da ba a yi aiki da su ba.

Ba a yin wannan aiki mutum ɗaya. Wanda ya suma yana rataye cikin ɗamara jini na taruwa a ƙafafunsa, kuma yana iya rasa ransa cikin ɗan lokaci ko da bai ji rauni ba. Saboda haka a kowane wurin aiki ana son a samu mutum na biyu da ya iya hawa, da ɗamararsa da igiyarsa a shirye a gindin iccen.