Wasiƙar Gobara da Haƙƙin Gida a Wuyan Ɗan Cirani

Masu nazarin tarihin cirani sun fi karkata ga haraji da fari, suna ganin su ne suka kora samarin ƙasar Hausa zuwa haƙar kuza a Jos, da gonakin koko na ƙasar Asante, da tsinkar auduga a Jazira ta Sudan bayan kammala madatsar Sennar a 1925. Amma sun yi sakaci da wani sababi wanda ba ya fitar da mutum daga garinsu, sai dai ya hana shi komowa, wato wasiƙar da takan riske shi a zango da labarin wuta ta tashi a gida.

Rubutun wasiƙa a wurinmu ilmi ne mai ƙa'ida, har ma Imam Umaru, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya wallafa littafi da Larabci a kan fanninsa. Ladabinsa kuwa shi ne a fara da basmala da sallama, a jero gaisuwar iyaye da dangi, sa'an nan a ambaci musiba a taƙaice, a jingina ta ga ƙaddara, ba tare da an roƙi ko kwabo ba. To, a nan hujjata take: da yake uban da ya yi shifta ba shi ne ya riƙe alƙalami ba, ɗan da aka aika wa ma sau da yawa malamin zango ne zai karanta masa a gaban maigidansa da 'yan garinsu, takardar ta tashi daga sirrin iyali ta zama shaida, kuma duk wanda ya ji an ce rumbu ya ƙone ya san abin da ya wajaba, ko da ba a furta ba.

Lokacin ma abin lura ne, domin gobara ta fi yawa da hunturu, sa'ad da jinka da zana suka bushe, hatsin shekara yana cikin rumbu, majiya ƙarfin da za su kashe ta kuwa sun riga sun yi nisa.

Ya kamata a rarrabe wannan da irin gobarar silimar El Duniya ta Kano a 1951, wadda ta halaka mutum 331. Can rayuka aka rasa, ta'aziyya kuwa kiran mutum gida take yi. Asarar dukiya akasin haka take hukuntawa, gama wanda ya yi niyyar komawa da faɗuwar ruwan fari sai ya ga hannunsa a gona bai kai amfanin sulallan da zai aiko ba, ya ƙara damina guda, ta haifi wata. Idan kuwa bai sami aikin ba, kunya takan sa amsarsa ta cika da jaje da addu'a, ya ce yana nan yana nema, mutanen gida su fahimta, su kai bukatarsu ga wani ɗan.