Muhimman Gaɓoɓi a Gajeren Labari: Misali Daga "La Parure"

A nazarin gajeren labari, muhimmiyar gaɓa ita ce inda tauraro ke fuskantar zaɓi, zaɓin kuma ya fallasa halinsa, ya ja akalar jigo.

Labarin "La Parure", wato sarƙar wuya, wanda marubucin Faransa Guy de Maupassant ya wallafa a 1884, kyakkyawan misali ne. Mathilde Loisel, matar wani ƙaramin akawu, ta fashe da kuka da aka gayyace su liyafa, domin ba ta da kayan fita kunya. Tun nan mai karatu ya gane cewa idon jama'a ne ke mulkinta. Ta ari sarƙar lu'ulu'u wurin ƙawarta Madam Forestier, sarƙar kuwa ta salwanta a daren.

Masu karatu kan ɗauki ɓatan sarƙar a matsayin ƙololuwa, alhali tsautsayi ne kawai, bai nuna halin kowa ba. Gaɓar da ta fi nauyi ita ce wasiƙar da ita da mijinta suka aika, suna cewa maɗaurin sarƙar ne ya karye, ana gyara. Da suka ɓoye gaskiya, sai suka sayo wata a kan faran 36,000, suka shafe shekara 10 suna biyan bashi, ƙuruciyar Mathilde ta tafi a wanki da wanke-wanke.

Sai a ƙarshe ƙawar ta bayyana mata cewa sarƙar jabu ce, ba ta wuce faran 500 ba. Maupassant ya tsaya nan, bai faɗi abin da Mathilde ta amsa ba.