Yadda siffar tsakuwa da girmanta ke shafar ƙarfin kwaltar titi

Abin da ake kira kwalta a kan titi akasarinsa dutse ne. Tsakuwa da yashi da garin dutse su ne kusan kashi 95 cikin 100 na nauyin kwaɓin da ake shimfiɗawa, baƙin man da ke riƙe su kuwa kimanin kashi 5 ne kacal. Dutsen ne ke ɗaukar nauyin motoci, shi ya sa injiniyoyi ke fara tsara kwaɓi daga zaɓen tsakuwa.

Tsakuwar da aka fasa da inji tana da kusurwoyi da kaushi, don haka ƙwayoyinta kan cije juna idan aka danne su. Mulmulalliyar tsakuwar kogi ta fi sauƙin shimfiɗawa, amma da zarar rana ta yi zafi man ya yi laushi, sai ƙwayoyin su riƙa zamewa, titi ya lotsa a daidai sawun tayoyin tirela. Ƙwayoyi masu faɗi marasa kauri da dogaye sirara su ma matsala ne, domin sukan karye a ƙarƙashin injin danne titi, su bar sabbin fuskokin da mai bai shafa ba, inda ruwa ke samun kafar shiga. Tsarin Superpave, wanda Amurka ta fito da shi a 1993, ya taƙaita ƙwayoyin da tsawonsu ya ninka kaurinsu fiye da sau biyar zuwa kashi 10 cikin 100 a kan titunan da motoci ke yawan bi.

Girman ƙwayoyi kuma ana tantance shi ne da jerin rariya, daga mai manyan ramuka har zuwa mai milimita 0.075. Manufar ita ce ƙanana su cike giɓin da manya suka bari. Tun a 1907 Fuller da Thompson suka fitar da lissafin haɗin da ya fi cikewa.

Sai dai cikewa sarai ba ita ake nema ba. Dole a bar wa mai gurbi, a kuma bar iska kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Idan iskar ta gaza haka, mai kan tsattsafo sama lokacin zafi, titi ya yi santsi kuma ya lotsa. Idan ta yi yawa, ruwa da iska kan ratsa kwaɓin, man ya bushe, titi ya tsattsage. Gwajin Marshall, wanda Bruce Marshall ya ƙirƙiro a jihar Misisifi wajen 1939, yana taimakawa wajen gano adadin man da ya dace, kuma ana matsa samfurin ne a zafin digiri 60.

Akwai kwaɓin da ake tsallake matsakaitan ƙwayoyi da gangan. A Jamus aka fara shi a shekarun 1960: manyan tsakuwa na jingine da juna, garin dutse da mai mai yawa na cike tsakaninsu, a kuma zuba zare don kada man ya tsiyaye kafin a shimfiɗa.