Ɓeran Masar a Tsakar Gidan Inna

A watan Janairun bara ɗan yayata, yaro ɗan shekara tara, ya shigo gidanmu da ke unguwar Mardjandafak a nan Njamena rungume da kwali. Cikin kwalin wasu 'yan dabbobi ne guda biyu masu gashi fari da ja, ba su da wutsiya, suna wani ɗan kuka kamar fito. Abokinsa na makaranta ne ya ba shi, iyayen abokin kuwa daga Kamaru suka ƙetaro da su ta gadar Ngeli. Inna ta leƙa ta ce, "Kai kuma me ka kwaso mana?" Yaron da yake karatun Faransanci yake yi, sai ya faɗi sunan da aka koya masa, cochon d'Inde. Aka fassara mata: aladen Indiya. Nan take ta ce a fitar mata da su, ba a kiwon alade inda take sallah.

Ni aka kira raba gardama, wai tunda kullum ina bakin makirfo ba zan rasa abin faɗa ba. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ai ɓeran Masar ne." Ta ce ɓera ma ba abin ajiyewa ba ne, amma dai da sauƙi. Aka bar su a bayan madafa, ni kuma na shiga neman tarihinsu don kada a sake ƙure ni.

Dabbar nan ba alade ba ce, ba ta kuma fito daga Indiya ba, balle Masar. Bature mai Ingilishi ya jingina ta ga ƙasar Gini, Bajamushe ya ce mata ɗan aladen teku, Balarabe ya bi sahun Ingilishi ya ce aladen Gini. Duk an sha ƙasa. Asalinta tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, inda ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado suke a yau, kuma tana cikin dangin dabbobi masu gwaguya da haƙoran gaba. Ke nan Bahaushe da ya ce ɓera ya fi su kusa da gaskiya. Masar ɗin da ya ƙara kuwa tsohuwar al'adarsa ce ta danganta baƙon abu da can: haka ya ce gwandar Masar don ya bambanta ta da gwandar daji, alhali ita ma daga nahiyar Amurka ta fito. Mu da kakanninmu suka biyo hanyar hajji a ƙasa suka yada zango a Fort-Lamy, kafin a mai da sunan garin Njamena a 1973, mun san yadda gabas take da kwarjini a bakin tsofaffi.

Mutanen Andes sun yi dubban shekaru suna kiwon dabbar kafin Sifaniyawa su ci daular Inka da yaƙin da suka fara a 1532. Suna kiranta kuy, sunan da ya yi kama da kukanta. A ɗakin girki take zama, tana cin ɓawon kayan miya, ranar biki ko ranar babban baƙo a yanka a gasa, kamar dai yadda muke yi da kaza. Masu maganin gargajiyarsu kan goga ta a jikin majinyaci don gano inda cuta take. A babbar majami'ar birnin Kusko akwai zanen da Marcos Zapata ya yi a 1753 na jibin ƙarshe na Almasihu da almajiransa, kuma abin da ke cikin farantin tsakiya, a idon akasarin masu kallo, gasasshen kuy ne. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ana cin kusan miliyan 65 kowace shekara a Peru, har gwamnatin ƙasar ta keɓe masa Juma'a ta biyu a watan Oktoba.

Da jiragen ruwa suka kai ta Turai a ƙarni na 16, sai matsayinta ya juye. Baƙuwa ce mai tsada, don haka gidan masu hali ta sauka. Akwai wani zane na Ingila mai ɗauke da shekarar 1580, na yara uku cikin kayan alfarma, yarinyar tsakiya tana riƙe da ita. Daga nan ta zama abokiyar wasan yara har yau. Suwizalan ce ta kai abin ƙololuwa: tun 2008 dokar kare dabbobi ta ƙasar ta hana ajiye ɓeran Masar guda ɗaya tak, saboda dabba ce mai rayuwa cikin 'yan'uwa. Ranar da na faɗi haka a shirina, wani mai sauraro ya bugo waya yana dariya, ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Ni ma a lokacin na taya shi.

Sai dai Turawan da suke shafa bayanta su ne kuma suka fi wahalar da ita. Da ita Robert Koch ya yi gwajin da ya tabbatar da ƙwayar tarin fuka a 1882. A 1907 wasu likitoci biyu a Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suka gano tana kamuwa da cutar nan mai sa dasashi zubar jini, domin jikinta kamar namu ne, ba ya haɗa bitamin C da kansa. Shi ya sa a Faransancin da muke ji a titunan Njamena, idan mutum ya ce an mai da shi cobaye, yana nufin an yi gwaji a kansa. Sunan dabbar ne na biyu.

A Afirka kuwa mun fi kusa da mutanen Peru. A tsaunukan yammacin Kamaru da yankin Kivu na gabashin Kwango don nama ake kiwonta. A Kivu, da yaƙe-yaƙen da suka ɓarke tun 1996 suka sa aka wawashe shanu da awaki, iyalai da yawa sun koma kanta: ba ta cin hatsi, ciyawa ta ishe ta, tana haihuwa bayan wata biyu da 'yan kwanaki, kuma idan gudu ya kama a kwando ake ɗaukarta. A ganina wanda ya ce wa mai wannan hali ya ji tausayin dabbar wasa bai san yunwa ba. Mahaifin abokin ɗan yayata ma da ya zo gaishe da Inna, abin da ya fara tambaya shi ne ko sun yi ƙiba. Yaron ya ruga ya ɓoye kwalin.

Abin da ban lissafa ba shi ne zafi. Dabbar tsauni ce, Njamena kuwa a watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40. Muka mai da su gindin randa, muka riƙa jiƙa buhu muna lulluɓa wa akurkin, duk da haka wata rana da azahar muka tarar ɗaya ta mutu. Wadda ta rage ta shige lungu, ta daina kukan nan da take yi idan ta ji motsin ganye, latas ɗin da aka ajiye mata har ya yanƙwane. Kwana uku ana haka. A na huɗu Inna ta kira ni ɗakinta, ta kwance bakin zane ta miƙo min kuɗin mota. Ta ce, "Gobe ka ƙetara Kuseri ka nemo mata 'yar'uwa. Kuma ka duba da kyau, mace nake so, kada su cika min gida."