Asalin Kalmar Mudu

Kalmar mudu, wadda mutanen Kausani ke ambata a kasuwar Wudil wajen sayen gero, aro ce daga Larabci, wato muddu, ma'aunin da malaman fiƙihu suka ƙaddara da cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, kuma huɗunsa ne sa'in zakkar fid da kai. Da ta shiga kasuwa sai ta faɗaɗa, har mudun 'yan awo ya zarce na shari'a, ya kuma bambanta daga gari zuwa gari. Wajibi ne kuma a kiyaye cewa mudu cika yake aunawa, kamar lita, alhali sikeli nauyi yake nunawa da giram, shi ya sa mudun gishiri ya fi mudun dussa nauyi ƙwarai.