Yaushe Malamai Suka Fara Karatu Daga Nesa?

Wani mai sauraronmu, manomi daga Malumfashi, ya aiko yana tambaya: ɗansa malamin firamare ne, kullum yana kan waya wai yana koyon haɗa bidiyon darasi ta intanet. Shin karatu ne ko shiririta?

To malam, karatu ne, kuma yana da asali. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, wato ilimin firamare kyauta. Yara suka cika azuzuwa maƙil, ƙwararrun malamai kuwa ba su isa ba. A shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, don malami ya ƙaro ilimi bai bar ajinsa ba: a ba shi littattafai ya karanta a gida, ƙarshen mako ya je cibiya. Haka dubbai suka sami Giredi Tu, daga baya NCE.

Da korona ta rufe makarantu a 2020, darussa suka koma rediyo da talabijin, alli ya rasa aikin yi. Tun lokacin malamin da ya iya ɗaukar hoto, ya daidaita murya, ya yanke ya haɗa, ya ƙara daraja. Matsalar ɗanka kuɗin data da caji ne. In an sayar da amfanin gona, ka ɗan taɓa masa.