Asalin Sunayen Makaman Karya Ganuwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban mai tafsiri ya ji yadda aka cilla Annabi Ibrahim cikin wuta da majaujawa. Kalmar da ke cikin littattafan Larabci ita ce manjaniƙ, kuma baƙuwa ce a Larabcin. Daga Girkanci ta taso, inda manganon ke nufin na'ura, musamman ta yaƙi. Kalmar Girkancin ce kuma ta ratsa Latin ta faɗa tsohon Faransanci ta koma mangonel. Ashe a yaƙe-yaƙen Salibiyya, na kan ganuwa da na gindinta sun yi ta jifan juna da makamin da kakan sunansa ɗaya ne.

Wasu sunayen aikinsu kawai suke faɗi. Katapeltes, wanda aka fara ƙerawa a Sirakusa ta tsibirin Sisili a shekarar 399 kafin haihuwar Annabi Isa, da ballista, duka sun tsiro daga kalmomin Girkanci na jifa. Trebuchet kuwa daga trebucher ne na tsohon Faransanci, wato kayarwa.

Inda zancen ya fi daɗi shi ne wajen dabbobi. Romawa sun kira wata majaujawa onager, jakin jeji, saboda irin harbin da take yi idan ta saki dutse. Gungumen da ake dukan ƙofar gari da shi aries suka ce masa, rago, Larabawa ma suka ce kabsh, ragon dai. Wanda ya ga karon raguna ba ya neman ƙarin bayani. Rumfar da mayaƙa ke fakewa a ƙarƙashinta su matsa jikin ganuwa, Romawa kunkuru suka gani, suka ce testudo. Larabawa rarrafenta suka duba, suka ce dabbaba, daga tushen da ya ba Hausa kalmar dabba. An yi amfani da ita tare da manjaniƙ lokacin da aka kewaye Ɗa'ifa a 630, yau kuma dabbaba ita ce tankar yaƙi a Larabci.

Manyan cikinsu har sunan yanka suke samu. Majaujawar da Muhammad bin Ƙasim ya kafa wa birnin Daibul a Sind wajen 712 sunanta Arus, wato Amarya. Ita kuwa mai amfani da nauyi, wadda injiniyoyi Musulmi suka haɗa wa Mongolawa har birnin Shiyangyang ya miƙa wuya a 1273, mutanen Sin sun laƙaba mata huihui pao, majaujawar Musulmi.